Caca a Birnin Katsina, Daga Wuri Zuwa Wayar Hannu

Tun zamanin da wuri yake kuɗin ciniki a kasuwannin Katsina, kafin zuwan Turawa a 1903, 'yan caca kan keɓe a bayan ganuwa su watsa wuri a ƙasa, gwargwadon waɗanda suka kife da waɗanda suka faɗi rigingine a san mai ci da wanda aka cinye, alhali malaman birnin ba su gushe ba suna karantar da cewa maisir haramun ne da nassin Alƙur'ani. Da sulalla suka kori wuri sai karta ta samu karɓuwa, daga bisani kuma aka shigo da takardun cankar sakamakon ƙwallon Ingila.

Ko da yake Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, wayar hannu da ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001 ta sauya al'amarin, domin kamfanoni irin su Bet9ja, wanda aka kafa a 2013, sun mayar da dandalin caca cikin aljihun saurayi, yana zaune a majalisa yana zuba naira ɗari a kan wasanni goma. Asirin ribarsu kuwa lissafi ne, saboda ana tsara rabon ta yadda abin da jama'a suka zuba zai rinjayi abin da ake biyan masu nasara. A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa ikon tsara caca na jihohi ne, sai dai ko da jiha ta so hana ta, rufe shagon caca ya fi toshe intanet sauƙi.