F.V.V.A.: Sunan Fim da Sunayen Satar Dukiyar Jama'a

A shekarar 1972 Mustafa Alasan, mai shirya fim ɗan Nijar, ya fito da fim ɗinsa mai tsawo na farko, ya raɗa masa sunan da ba kalma ba, baƙaƙe huɗu kawai: F.V.V.A. A Faransanci kowane harafi yana wakiltar abu guda: mace, mota, katafaren gida, kuɗi. Har yau masu rubutu a kan fim ɗin ba su daidaita ba, wasu su sa mota gaban gida, wasu gida gaban mota, wasu su rubuta mace ɗaya, wasu mata da yawa. Abin da bai taɓa sauyawa ba shi ne mace a farko, kuɗi a ƙarshe.

Wanda ya san Nijar ta zamanin shugaba Diori Hamani zai ji amon wannan suna tun kafin a kashe fitila. Lokaci ne da kowace ma'aikata ke da baƙaƙenta: SONARA mai sayen gyaɗa, OPVN mai kula da cimaka, PPN-RDA jam'iyya ɗaya tilo. Talaka yana jin waɗannan haruffa a rediyo, ya san akwai iko a bayansu ko da bai san abin da suke nufi ba. A ganina da gangan Alasan ya ɗinka wa kwaɗayin ma'aikata irin wannan riga, kamar yana cewa ga wata ma'aikata da ba ta da ofis amma ta fi kowace yawan ma'aikata.

Labarin na Ali ne, ƙaramin ma'aikacin gwamnati da iyayensa suka yi wa auren da bai zaɓa ba. Buƙatu suka fi ƙarfin albashi, son a ce shi ma wani ne ya ja shi, ya sa hannu a kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a gidan kaso. Jingare Maiga da Zalika Sule da Sotigi Kuyate suna cikin 'yan wasan. A bikin FESPACO na Wagadugu na wannan shekara fim ɗin ya samu kyautar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta OCAM, a daidai lokacin da wani ɗan Nijar, Umaru Ganda, ya ɗauki babbar kyauta da Le Wazzou polygame. Shekara ce da Nijar ta yi kaka-gida a silimar Afirka.

Masu sharhi na waje sun sa fim ɗin a rukunin da suke kira satire, kalma ɗaya da ta haɗa duk wani ba'a mai cizo. Bahaushe ba ya haɗa su a kwando ɗaya. Yana da barkwanci, wanda dariya ce zalla. Yana da zambo, wanda maroƙi ke yi ya kama suna ko ya siffanta mutum har kowa ya gane shi. Yana da habaici da gugar zana, inda ba a ambaci kowa ba amma mai abin ya san da shi ake. F.V.V.A. habaici ne. Ali suna ne da ake samu a kowace unguwa, kuma shi ba minista ba ne, ba kwamanda ba. Haka ma Bon voyage Sim na 1966, gajeren fim ɗin zane inda shugaban jamhuriyar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki aka tarbe shi da fareti da badujala. Babu shugaban da zai kai ƙarar kwaɗo. A ƙasar jam'iyya ɗaya, habaici ne kaɗai hanyar da mai fasaha zai faɗi gaskiya ya kwana a gidansa, kuma mai kallon da ya tashi da waƙoƙin makaɗan fada ba ya buƙatar a fassara masa wannan salo.

Sai wata tambaya: me za a kira laifin Ali? Bakin 'yan jarida ya saba da cin hanci da rashawa, ana furta su tare kamar tagwaye. Rashawa daga Larabci ta zo, ta bakin malamai, da nauyin haramci a kanta. Amma dukansu biyu suna nufin abin da aka miƙa wa mai iko don ya kau da kai. Ali ba karɓa ya yi ba, ɗiba ya yi. Nasa sama da faɗi ne, almundahana ce, cin amana ne. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin a cin hanci akwai mai bayarwa da ya san an cuce shi ko ya ci riba, a sama da faɗi kuwa wanda aka cuta yana can nesa bai ma san an taɓa rabonsa ba.

Wannan na nesa shi ne manomin Bambeye, kudu maso yamma da Tawa, da takwarorinsa na arewacin Adar. Fim ɗin ya fito ana tsakiyar farin da ya cinye dabbobi da rumbuna a Sahel. Shekara biyu bayan haka, ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya kifar da Diori, kuma cikin manyan zarge-zargen da aka yi wa gwamnatin akwai karkatar da abincin agaji. Abin da ɗan birni ya kalla ya yi dariya a kansa, a ƙauye tiyar hatsi ce da ba ta iso ba. Shi ya sa ban yarda da masu ɗaukar fim ɗin a matsayin wasan ban dariya kan auren dole kawai ba. Ya nuna ƙaramar ƙofar da babbar ɓarna ke shiga.

Akwai kuma sunayen lallashi, waɗanda suka fi haɗari: goro, alheri, ihsani, na shan ruwa. Toshiyar baki ta fi su gaskiya, ko da yake tana tuna wa kunne toshi, kyautar da saurayi ke kai wa budurwa. Bayan taron ƙasa na 1991 da shigowar jam'iyyu barkatai, wasoso ta shiga bakin 'yan siyasar Nijar, daga rububin da yara ke yi in an watsa abu. 'Yan boko suka ƙirƙiro nasu baƙaƙen, PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Hukuma ma ta amsa da nata: HALCIA mai yaƙi da cin hanci a 2011, sannan yaƙin da aka kira Mai Bulala a zamanin shugaba Mahamadu Isufu, ɗan jihar Tawa.

Abu ɗaya ke ci mini rai a sunan fim ɗin, shi ne harafin farko. An jera mace da mota da gida kamar kayan mallaka, kuma mai kallo mai gaggawa zai tashi da cewa mata ne ke tura maza sata, zancen da har yau ake maimaitawa a majalisun shayi. Fim ɗin da kansa ya ƙaryata wannan: da aka ɗaure Ali kowa ya watse, matarsa ta fari, wadda bai so ba, ita ce ta tsaya masa. Sunan yana faɗin yadda Ali ke kallon duniya ne, ba yadda Alasan ke kallonta ba.

Alasan ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya mai da wasu ɗakunan otel ɗinsa wurin zane da ɗaukar hoto. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015. A 2017 gidan adana fasaha na MoMA a birnin New York ya nuna jerin finafinansa, masu sharhin can suka kira shi majagaba. A Adar kuwa, matashin da ya haddace 'yan wasan Kannywood a wayarsa da wuya ya taɓa ganin F.V.V.A., kuma hukumomin al'adu na jihar ne ya kamata su nemo kwafinsa, a sa masa muryar Hausa, a haska shi a Tawa da Bambeye.