Yadda Labarin Gida Ya Shiga Littafi

  

Hirarmu ta yau tarihi ce. In an ce tarihi, hankali yakan tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe. Mu yau cikin gida za mu shiga. Akwai kalma guda da za ku riƙa ji, ita ce adabi. Adabi shi ne maganar hikima da mutane suka tsara: tatsuniya, da waƙa, da wasan kwaikwayo, da labarin da aka rubuta cikin littafi. Za mu duba yadda adabin Hausa ya nuna daɗin zaman iyali da ɗacinsa. Ku riƙe tambaya guda a zuci: a kowane zamani, wa ke ba da labarin?

Zamanin baka

Tun kafin takarda ta yawaita, labarin gida yana bakin mata. Da dare, bayan an ci tuwo, tsohuwa takan tara jikoki ta yi musu tatsuniya, wadda wasunmu ke kira gatana. Ku tuna da ƴar mowa da ƴar bora. Mowa ita ce matar da miji ya fi so, bora kuwa wadda ba a kula da ita. Aka ɗora wa ƴar bora laifi, aka aike ta wanki can Ruwan Bagaja, wuri mai nisan gaske. Duk abin da ta tarar a hanya sai ta gaishe shi da ladabi. Ta komo gida da dukiya. Ƴar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta komo da wahala.

Wannan tatsuniya ta yara ce, amma manyan gida suna jin ta. Tana gaya wa uba cewa bambanta ɗiya ba shi da kyau. Tana gaya wa yaron da ba a so ya yi haƙuri, rabonsa yana gaba.

Haka kuma waƙar daka da waƙar niƙa. Abin da mace ba ta iya faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido, sai ta sa shi cikin waƙa, a bakin turmi ko kan dutsen niƙa. Wanda aka yi dominsa ya ji, amma ba shi da bakin magana, tun da ba a kira sunansa ba. Murna ma tana da nata waƙoƙi: na reno, na suna, na kai amarya. Sai dai duk wannan a baki yake. In mai shi ta rasu ba wanda ya riƙe, ya tafi ke nan.

Rubutu na farko

Cikin waɗanda suka fara sa ciwon zuciyar iyali a takarda akwai Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Shi Shehu a Maratta aka haife shi, cikin jihar Tawa ta yanzu. Asma'u ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci, da Fillanci, da Hausa. Yawancin waƙoƙinta na karantarwa ne. Amma da wanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ta yi masa waƙar ta'aziyya. Da mijinta Waziri Giɗaɗo ya rasu, shi ma ta yi masa. A nan mun ga babbar malama tana kukan rashin ɗan uwa da miji, kamar kowace mace.

Na biyu ɗan ƙasarmu ne, sunansa Dorugu. An haife shi a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa. Daga baya ya sami ƴanci, ya bi wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth har Turai a 1855. A Ingila ya zauna da wani malami mai suna Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. Aka buga labarin cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya ga manyan birane da teku. Amma da ya tashi ba da labari, daga gidan ubansa ya fara, da yadda aka fitar da shi daga cikinsa.

Gasar 1933

A 1933 wani Baturen ilimi a Zariya, Rupert East, ya nemi malaman Arewacin Nijeriya su rubuta labarai da boko. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar. Biyu daga cikinsu maganar gida ce tsantsa.

Na farko shi ne Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Lokacin nan malamin makaranta ne, daga baya ya zama firayim ministan Nijeriya. Ga yadda labarin yake. Umar maraya ne, ubansa ya rasu. Uwarsa ta sake aure, ta auri wani bafade mai suna Makau, mutumin kirki. Ƴan baƙin ciki suka yi wa Makau sharri, sarki ya kore shi. Uwar ta tafi ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. Kafin ta komo an sace shi. Aka yi ta wucewa da shi hannu zuwa hannu, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasarsu. Ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, har ya zama babban malami.

To, uwar fa? Ta ƙi zama. Ta bar aurenta, ta bar garinsu, ta shiga duniya neman ɗanta. A hanya aka yaudare ta, ita ma aka mai da ta baiwa. Aka ƙetare hamada da ita har Murzuk, daga nan sai Tarabulus. Ta rame, ta lalace, ba ta daina ambaton ɗanta ba. Bayan shekaru masu yawa Allah ya haɗa su. Ta gan shi ya girma, ya zama mutum. Ba a daɗe ba ta cika.

Ku duba nan da kyau. Murnar da ta fi kowace girma cikin littafin, da baƙin cikin da ya fi kowane, a wuri guda suka haɗu. Marubucin bai yi dogon wa'azi kan cinikin bayi ba. Ya nuna mana uwa guda da ɗa guda, mai karatu ya gane sauran da kansa.

Na biyu shi ne Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East. Abubakar yana son Zainab, ita ma tana son sa. Wani mai kuɗi, Malam Shaihu, ya shiga tsakani da dukiyarsa, ya aure ta. Abubakar ya tafi neman asirin ramuwa. Asirin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta. Yaron ya tashi ɓarawo, har ya zama ajalin ubansa. Auren da aka ƙulla da ƙarfin kuɗi ya ci gida biyu, kuma yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya fi shan wuya.

A 1937 Abubakar Imam ya fito da Magana Jari Ce. Mutane suna tuna aku da labarunsa. Amma tushen littafin uba ne da ya daɗe bai sami ɗa namiji ba. Da ya samu, tsoron rasa shi ya hana shi sakat. Aikin aku shi ne ya riƙe yaron nan, Musa, da hira, kada ya fita ya hallaka. Duk mai ɗa ya san wannan tsoro.

Zamanin rediyo

Da rediyo ya shigo, labarin gida ya koma kunnen kowa, har wanda bai iya karatu ba. Shu'aibu Maƙarfi ya tsara wasannin da aka fara ji a rediyo, sa'an nan aka buga su. Cikinsu akwai Jatau Na Kyallu: attajirin da ya ruɗe a kan karuwa, ya wulakanta matansa na gida, dukiyar ta ƙare. Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma, labarin Halima da mijinta Hayatu, wanda ba ya ci da ita sai duka da zagi. Mawaƙa su ma sun sa baki. Ɗan Maraya Jos ya yi Jawabin Aure da kuntiginsa. Barmani Coge ta Funtuwa ta ɗauki irin maganar da mata ke yi a cikin gida, ta fito da ita fili da kiɗan ƙwarya.

Yanzu ku koma ga tambayarmu. Daga 1933 zuwa wannan lokaci, wa ke rubuta littattafan? Maza ne. Sun tausaya wa uwar Umar, sun tausaya wa Halima. Amma wanda ke zaure ba ya ganin duk abin da ke faruwa a tsakar gida.

Mata sun ɗauki alƙalami

A 1980 aka buga So Aljannar Duniya, na Hafsatu Abdulwahid. Shi ake lissafawa littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta rubuta da Hausa aka buga. Labarin wata Bafillatana ne, Boɗaɗo, wadda ta dage sai ta auri wanda take so, ko da yake ba Bafillace ba ne.

Bayanta sai Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, ƙanwar Janar Murtala Muhammad. Tana yarinya aka fitar da ita daga lakkwal, aka yi mata aure. Auren bai daɗe ba ya mutu. A ajin manya ta koma ta ƙarasa koyon karatu da rubutu, irin ajin da kuke zaune ciki. Daga nan ta shiga rubuta littattafai.

A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Rabi matar wani ɗan kasuwa ce, Alhaji Abdu. Ta haifa masa ɗiya tara. Kuɗin cefane ba ya isa, shi kuwa kuɗinsa na tafiya waje. Ya auro wata mai suna Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da ɗiyanta. Rabi ba ta zauna kuka ba. Ta shiga sayar da abinci, ta ci da yaran, ta riƙe karatunsu, har ta aurar da ɗiyarta Saudatu gidan mutunci. Shi kuwa Alhaji Abdu, gobara ta cinye rumfarsa a kasuwa, alhaki ya biyo ubangidansa.

Abin da ya bambanta wannan littafi da na baya shi ne lissafi. Marubuciyar ta san abin da tukunya ke ci kullum. Ta san yadda uwa ke raba ɗan abin da ke hannunta tsakanin baki tara. Ta san daɗin da mace ke ji ran da ta ci guminta. A 2012 aka juya littafin da Ingilishi, aka buga shi a ƙasar Indiya.

Ta kuma rubuta Wa Zai Auri Jahila? Yarinya ce mai suna Abu, aka hana ta karatu, aka ba wani tsoho ita. Ta gudu, ta nemi ilimi da girmanta, ta zama ma'aikaciyar asibiti. Daga waɗannan shekaru mata da yawa suka bi sawu. Littattafansu suka cika kasuwar Kano, suka ƙetaro har kasuwanninmu.

Abin da za mu riƙe

Tarihin nan ya nuna mana abu biyu. Na ɗaya, matsalolin ba su sake ba. Kishi, da bambanta ɗiya, da auren dole, da rabuwar uwa da ɗa, suna cikin gatanar kaka, suna cikin littafin 1990. Daɗin ma bai sake ba: haihuwa, da biki, da ɗa nagari, da haɗuwar waɗanda suka rabu. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

Na biyu, mai ba da labarin ne ya sake. Da fari mata ne, da baki. Sa'an nan maza, da alƙalami. Daga baya matan suka karɓi alƙalamin. Abin da dā ake ɓoyewa cikin waƙar niƙa, yanzu yana rubuce, miji yana iya karantawa, uba ma haka. Wanda ya karanta labarin Rabi, zai yi tunani kafin ya ce da matarsa ta tattara kayanta.

Ga tambayoyi uku, ku tattauna da malaminku:

1. Me ya sa mace takan sa kukanta cikin waƙa maimakon ta faɗa fili?
2. Cikin Jiki Magayi, wa ya fi laifi, kuma wa ya fi shan wuya?
3. Wace tatsuniya ko waƙar reno ake yi a gidanku? Ku je wurin tsofaffi su faɗa muku, ku rubuta ta cikin littafinku, ko da layi biyar ne, ku kawo aji a karanta.