Sayen gida da lamunin gwamnati a Jalingo: Yadda ake shawo kan mai gida

A Jalingo, babban birnin Jihar Taraba tun 1991, ma'aikacin da ya zo sayen gida da lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, yakan tarar mai gida ya fi karkata ga mai kuɗi a hannu, bisa karin maganar nan cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

An kafa asusun a 1992, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci duk wata. Wanda ya yi wata 6 yana zubi na iya neman lamuni a kan ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekaru har 30.

Abin da mai gida ke gudu shi ne jira. Sai an tantance takardu, an ƙiyasta darajar gidan, sannan an samu amincewar gwamna kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Hakan na iya ɗaukar watanni, alhali darajar naira na raguwa. Takardar ciniki ta mai unguwa kaɗai ba ta wadatar da banki. Yana neman takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O.

Saboda haka, mai saye ya fara kammala nasa takardun da bankin jinginar da zai bi ta hannunsa kafin ya taya gida. Ya kuma fahimtar da mai gida da dillali cewa banki zai biya kuɗin gidan dunƙule. Biyan wata-wata tsakanin mai saye ne da banki.

Sannan ya ba da kafin alƙalami, lauya ya rubuta yarjejeniya mai wa'adi, wadda ta fayyace makomar kuɗin idan lamunin bai fito ba. Rashin wannan sharaɗi na iya jawo wa mai saye asarar abin da ya daɗe yana tarawa.

Ko a cinikin kuɗi hannu ma, dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 sai ta hanyar banki.