Zamanin Rediyo Mai Kwalba

Kafin rediyo ta shiga aljihun manomi, sai da ta yi shekaru a zauren mai hali, ga nauyi, ga cin batir. A cikinta akwai 'yan kwalabe masu kama da ƙwan lantarki, waɗanda aka zuƙe iskar cikinsu. John Fleming ne ya ƙirƙiro irin wannan kwalba a Ingila a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata 'yar raga, wadda ta ba ta ikon mai da ƙaramin sauti babba.

Tun 1944 mutanen Kano ke sauraron shirye-shirye ta akwatunan da aka ja wa waya daga tasha, amma wannan gatan birni ne. A garuruwan layin dogon Kano zuwa Nguru, irin su Gagarawa Tasha, mai son jin sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, sai ya mallaki akwatinsa mai batir. Batirin ma na musamman ne, domin kwalba wuta biyu take ci: bolt 1.5 na ɗumama zarenta, da kimanin bolt 90 na aikin kanta.

Alherin kwalba shi ne ba ta ɓoye cutarta. Idan tabon azurfar da ke jikin gilashin ya koma fari, iska ta shiga, kwalbar ta mutu. Wadda ke ƙara idan an ƙwanƙwasa ta da tsinke, cikinta ya saki. A zare ta, a soka sabuwa, ba sai an narka dalma ba. Akwatin da ke aiki da lantarki kuwa, gurnaninsa marar yankewa yawanci alamar bushewar kwandensa ne, kuma nan haɗarin yake: kwandensa na iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an cire filogi, ya hallaka mai gaggawa.

Taransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, ita ta ture kwalba, ta kai rediyo gona da ruga da batirin tocila. Amma kwalba ba ta ƙare ba. Har yau Fender da Marshall na sa ta a na'urorin ƙara sautin jita, domin makaɗa na son yadda muryarta ke dushewa idan an ƙure ta, kuma masu gyaran waɗannan na'urori da duba tabon nan suke farawa.