Wasulan Turanci a Bakin Mutanen Masaka

A bakin titin Abuja zuwa Keffi, inda ma'aikata ke jiran mota da asuba a Masaka, kalma guda ta isa ta nuna asalin mai magana. Bahaushe zai ce "bas", ɗan kudu ya ce "bos". Wasalin da Bature ke furtawa a kalmar *bus* babu shi a Hausa, babu shi a Yarabanci ko Ibo, sai kowa ya jingina shi da wanda ya fi kusa a harshensa.

Masanin harshe Munzali Jibril, a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, ya nuna cewa Turancin Hausawa ya fi na kudu yawan wasula. Dalilin yana cikin Hausar kanta, domin tana da gajerun wasula 5, dogaye 5, da tagwaye 2. Kunnen da ya saba rarrabe garin Kano da garin tuwo ba zai rikita *ship* da *sheep* ba, alhali a bakin mutanen kudu da yawa sun zama ɗaya.

To, in wasula biyu suka haɗe, za su sake rabuwa? Masanin harshe William Labov, a littafinsa na 1994, ya ce haɗewa ta gaskiya ba ta warwarewa da kanta, tunda yaron da ya taso da sauti ɗaya bai san wace kalma ce ta wane gida ba. A ƙarni na 18 an ce *line* da *loin* sun haɗe a Ingila, ga shi yau sun bambanta. Da aka auna muryoyin tsofaffi a Essex, sai aka tarar baki yana yin ɗan bambanci ko da kunne bai kama ba. Ashe ba su taɓa haɗewa ɗungurungum ba.

Mu ma muna da irinta. Samari suna rubuta "se" da "de" a waya maimakon "sai" da "dai", naira ta koma "nera", amma maimakon "kai" ba mai ce wa namiji "ke".

A ganina, makaranta da maƙwabci su ke dawo da bambancin da ya ɓace, su ne kuma ke shafe wanda ke nan. Yaron Masaka yana jin Hausa a gida, Turancin buroka a layi, ga malama daga kudu a aji. Ina roƙon masanan harshe na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi su naɗi muryoyin waɗannan yara tare da na iyayensu tun yanzu.