Kalmar Manɗiƙi: Daga Zauren Malamai Zuwa Waƙar Sa'adu Zungur

Kalmar manɗiƙi, wato ilimin auna hujja da tsara ta, aro ce daga Larabci, kuma ta daɗe a ƙasar Hausa. Shehu al-Maghili, wanda ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar yana kare fannin, bayan Suyuɗi ya haramta shi. Haka kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya tsara waƙar Larabci a kan manɗiƙi.

Kalmar ta fi zama a bakin malaman zaure, amma aikinta ya shiga adabin Hausa. Malam Sa'adu Zungur (ya rasu 1958) ya gina waƙarsa "Arewa, Jumhuriya ko Mulukiya" bisa wannan tafarki: ya jera al'amura biyu, ya auna kowanne da dalili, sannan ya yanke hukunci.

Saboda haka, ba sai masu tsara manhaja sun ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Ya kamata a koyar da manɗiƙi da sunansa, a kafa wa ɗalibai misali da waƙoƙinmu.