Ciyawar da ta tsere daga akwatin kifi

A shekarar 1984 aka ga wata koriyar ciyawa a ƙarƙashin teku, daidai gindin gidan adana halittun ruwa na Monako. Faɗinta bai wuce murabba'in mita ɗaya ba. Sunanta Caulerpa taxifolia, 'yar ruwan ƙasashe masu zafi, amma irin da aka raina a akwatunan kifi na Turai ya iya jure sanyi. Masana suka tsaya gardamar yadda ta iso, ita kuwa tana ta yaɗo. Guntunta ɗaya in ya maƙale a ragar masunta ya isa ya kafa sabuwar gona, yawancin kifaye kuma ba sa cin ta saboda dafinta. Zuwa 2000 ta rufe kimanin hekta 13,000 a gaɓar ƙasashe shida na Bahar Rum, har da Tunisiya.

A shekarar ce ta ɓulla a Kalifoniya ta Amurka. Can ba a jira ba: aka lulluɓe ta da tamfol, aka zuba mata kulorin, a 2006 aka tabbatar an gama da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai kiwon kifin ado, kada ka juye akwatinka a kogi ko magudana. Busar da ciyawar ka jefa a shara, kifin ka ba wani mai kiwo.